Matar da ke karanta tsohuwar filasta

Kafin ƙarfe takwas ta riga ta buɗe tagogin ɗakin gashin ƙashi, can ƙarshen barandar asibiti. Gado uku ne a ciki, da koren labule da ya koɗe, da dogon madubi jingine da bango. Takan zauna bakin taga da almakashinta, tana yanka filasta mai talewa, tana zagaye kusurwoyin don kada riga ta kama ta ɓamɓare. Guntayen sukan zubo kan cinyarta, shuɗi da ruwan hoda, iska ta ɗebe su a hankali ta kai ƙarƙashin gado. Mai shara ta ce shekara da shekaru tana kwashe su, ba ta san yadda ɗakin zai koma ba in babu su. Domin ƙarshen watan nan Anti Filasta za ta ajiye aiki, bayan shekara ashirin da shida.

Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. In ɓarin jikin mutum ya shanye, naman da ke riƙe da kafaɗa yakan saki. Sai nauyin hannu ya riƙa jan ƙashi ƙasa har ya ɗan zame daga gurbinsa, bai fita duka ba, bai kuma zauna daidai ba. Anti takan auna ramin da yatsunta: ɗaya, ɗaya da rabi, biyu. Sai ta goge fatar, ta tallabo gwiwar hannun sama kamar mai ɗaukar jaririn da ya yi barci, ta manna filasta daga damtse zuwa saman kafaɗa, ɗaya ta gaba, ɗaya ta baya, ɗaya a gicciye. Ta murza da tafinta har wurin ya yi ɗumi. Ba ta taɓa ce wa kowa filasta tana warkarwa ba. "Tallafi ce kawai," in ji ta. "Sauran aikin naka ne, da motsin da zan koya maka."

Cikin waɗanda suka kwanta a gadajen nan akwai wani tsohon direban babbar bas. Ciwon ya ɗauke masa hannun da ya saba fitarwa ta taga. In Anti tana murza masa kafaɗa, yakan zuba wa fanka ido har ta rikiɗe masa ta zama taya. Sai ya ga hanya ta miƙe ba iyaka, itatuwa suna komawa baya, iska tana wasa da hannun rigarsa, fasinjoji duk sun yi gyangyaɗi, shi kaɗai ne ido biyu a duniya. Sai a ce ya ɗaga hannu, zafi ya tsaga shi, motar ta ɓace.

Zafin nan shi ne matsalar. Saboda shi ya ƙi motsa hannun, Anti kuwa ta san in makonni suka wuce a haka, kafaɗar za ta ƙage, ko riga ba zai ƙara sawa ba sai da ihu. Ran nan ya ce mata, muryarsa na ja kaɗan, "Malama, ki huta. Tsohuwar mota ce, a faka ta. Daga yau ba zan dawo ba."

Ba ta yi masa gardama ba. Anti tana da wata ɗabi'a da ma'aikatan ɗakin duk suka shaida: ba ta cire tsohuwar filasta sai ta karanta ta. Wanka yana ɗaga gefe-gefe. Gumi yana sakin ta gaba ɗaya. Amma ta direba, sau uku ke nan tana dawowa a yamutse daga sama, wuri guda, ramin kuma ya koma yatsa biyu. Wannan ba ruwa ba ne. Ja ne.

"Baba, wa ke tashinka da safe?"

Ya kalli fanka. "Kwandasta."

Matarsa, da ke zaune gefe da jakar magunguna a cinya, ta yi dariya. "Ni ke nan. Shekara talatin da ɗaya yana ce mini kwandasta, ko sau ɗaya bai ba ni sitiyari ba."

Anti ta hau gadon kusa, ta kwanta, ta saki hannunta ya yi lilo. "Zo, Mama. Tashe ni yadda kike tashinsa."

Matar ta ajiye jaka, ta kama wuyan hannun Anti da hannu biyu, ta turje, ta fizgo.

"Wayyo kafaɗata! Mama, tirela kike janyowa daga rami?"

Ɗakin ya ɗauki dariya, har mai kwance bayan labule. Matar ma ta yi, ta yi, sai dariyar ta tsinke mata a tsakiya. Ta kalli hannayenta. Ta juya ga mijinta.

"Baban yara, haka kake ji?"

"Kaɗan-kaɗan."

"Kullum? Wata biyu? Bakinka ma ya shanye ne da ba za ka faɗa ba?"

Ya dubi hannun da ya saki. Can ya ce, "Duk wanda ya zo dubiya kewaye hannun nan yake yi, kamar ba nawa ba. 'Ya'yanki ma haka. Ke kaɗai kike kama shi. Na ce in na faɗa, ke ma sai ki daina."

Matar ta ja da baya, ta ɓoye hannayenta cikin mayafi. "Na daina kuwa. Wallahi ba zan ƙara taɓa shi ba. Ashe ni ce ciwon."

Anti, a nan ne muke jinjina miki. Da wani ne, da sai ya yi faɗa, ya karanto dokoki, a tashi kowa da nauyi a ƙirji. Ke ce kika sauko daga gadon, kika zaro hannayen nan biyu daga cikin mayafi. Kika sa ɗaya a bayan allon kafaɗarsa, ɗaya a ƙarƙashin gwiwar hannunsa. Kika ce, "Ba a ce ki saki ba, Mama. Wurin kamawa aka sauya miki. Juyo da shi ta gefe tukuna, ƙafafu ƙasa. Yawwa. Baba, tura da hannu mai lafiyar."

Ya tashi zaune a hankali, yana jiran zafin. Ya jira. Ya ƙara jira.

"To?" in ji matar.

"Yau dai kwandasta ta iya lodi," in ji shi, idonsa ya cicciko.

Ya dawo ranar da aka sa masa, da wadda ke biye. Ba zan ƙara gishiri ba: yatsunsa har yanzu ba su buɗe ba, bai kuma koma tuƙi ba. Amma ramin ya dawo yatsa ɗaya, in ya zauna akwai matashi a ƙarƙashin hannun, kuma yana zura riga da kansa, bakinsa na tsokanar mai ɓalla masa maɓalli.

Mun gode, Anti, mai hannun sanyi. Ba a rubuta sunanki a jikin wani gini ba, amma a gidaje da yawa gari na wayewa ba tare da ihu ba saboda ke. Allah ya hutar da kafaɗunki kamar yadda kika hutar da na mutane.

Ku da za ku gaji almakashinta, ku gaji haƙurinta na dubawa kafin cirewa. Mu kuma da ke da marar lafiya a gida, kada tsoro ya sa mu kewaye hannun da ya saki. Mu je a nuna mana inda ake kamawa, mu kama.