Mai Faci da Littafin da Gara Ta Ci

Ɗan goggona, wanda muke kira Mai Faci, bai taɓa riƙe allura ba. Takardu yake yi wa faci. Yana aiki a ɗakin adana tsofaffin rubuce-rubuce na jami'a, wani ɗaki mai sanyi kamar firji, babu taga, sai fitila mai dogon wuya da gilashin ƙara girman rubutu. Tun muna yara haka yake: ka faɗi rabin magana, ya ƙarasa maka, ya kuma rantse abin da ke bakinka ke nan.

A ɗakin nan ya gamu da wani littafi rubutun hannu, wanda mai shi ya rasu tun kafin a haifi kakan kakanmu. Gara ta yi walima a kansa, ta gayyato dangi. Duk inda ta bar rami, sai ya auna faɗinsa, ya duba yadda marubucin ya saba magana a sauran shafuka, ya zaƙulo kalmar da ta ɓace. A kan wannan aiki gashin kansa ya gudu. Matarsa ta haihu, ta yaye, ta sake haihuwa, yana kan rami ɗaya.

Kwatsam sai ga littafin a kasuwa, ramukan duk a cike da facinsa, amma sunan wani Farfesa ne a bango. Nasa ko a ƙarƙashin shafi babu.

Daga ranar kowa ya zama ɓarawo. Ya canja kwaɗon ofis. Ya daina amsa gaisuwar mai buga masa rubutu. Matarsa ma ta sha tambaya, don an ga ta gaisa da matar Farfesa a asibiti. Ni ma ban tsira ba.

"Kai, ranar da ka zo, me ya tsayar da kai a bakin teburina?"

"Haba bawana! Ni da sai na huta kafin in gama rubuta sunana?"

"Ai irinku aka fi tsoro," in ji shi.

Ashe shi da hannunsa ya taɓa ba Farfesan kwafi, wai ya duba masa bisa amana. Da ya tuna, bai ba kowa haƙuri ba. Kotu ya nufa, yana so a rubuta sunansa.

Na raka shi, don ba a yin irin wannan kallo ba ni. Lauyansa ya ja masa kunne a bakin ƙofa: "Duk abin da aka tambaye ka, ka ce naka ne."

Lauyan Farfesa ya miƙe yana murmushin da ban yarda da shi ba.

"Malam, kalmomin da ka cike ramukan nan da su, ƙirƙirarka ce, ko kuwa su ne ainihin abin da marigayi ya rubuta?"

Nan na ga Mai Faci ya shiga tsaka mai wuya. In ya ce ƙirƙirarsa ce, zai iya cin shari'a, amma duk malamai za su ce shaci-faɗi ya yi ya jingina wa mamaci. In ya ce na marigayi ne, to maganar mamacin da ya daɗe haka ba ta da mai ita. Lauyansa na ta ƙifta masa ido har na zaci ƙwaro ne ya faɗa masa.

"Na marigayi ne," in ji Mai Faci. "Ko harafi ban ƙara masa ba."

Lauyansa ya kifa kai a tebur. Alƙali ya kori ƙarar.

Muna fitowa Farfesa ya tare mu, baki har kunne.

"Malam, komai ya wuce. Shafin ƙarshe fa? Kwafin da ka ba ni bai kai nan ba, masu bugawa kuma sun matsa mini, za su yi bugu na biyu."

"Ban gama ba, ranka ya daɗe."

Ya gama, ni na sani, don na ji yana maimaita shi a mota kamar mai tilawa. Sai dai ya rantse alƙalami ba zai taɓa shi ba sai an sake bango da sunansa a kai. Har yau ba a sake ba, shafin kuma yana cikin sanƙonsa. Jiya matarsa ke gaya mini ya ƙaura da kwana falo, wai don ta ce masa yana magana cikin barci.