Bututun da Baba ya hana a sa wa gam

Shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu, can gaba da Batagarawa, Baba da Inna suka iso Katsina da tabarmi da tukwane da akuya ɗaya, ita ma ba ta daɗe ba ta mutu. Shanun kam an riga an kore su tun kafin nan. Ni ina haya a Ƙofar Guga da iyalina, wurin ba zai ɗauke mu ba, sai na kai su wasu ɗakuna biyu da na fara ginawa a Kambarawa, ko filasta ban yi musu ba. Baba ya shiga, ya ɗaga kai ya dubi kwanon rufin, ya ce ai ba komai, kafin ruwan shuka ya sauka sun koma gida.

Ruwan sha ne ya fara ba mu wahala. Inna ta tsufa, ba ta iya ɗaukar jarka, 'yan ga-ruwa kuma ba kullum suke shigowa lungun ba. Maƙwabcinsu, wani Alhaji mai burtsatse, Allah Ya saka masa da alheri, ya ce mu jawo bututu ta bayan katangarsa. Na nemo mai aikin famfo, ya zo da bututan roba da buhun kayan haɗi, ya zazzage a tsakar gida. Baba na zaune a kan buzu yana kallo.

Mutumin ya yi mana bayani cewa haɗin iri biyu ne. Akwai wanda ake shafa wa gam a zura, ya kama ke nan, ba ya sake fita sai an sa zarto. Akwai kuma wanda ake naɗa wa farin tef a murɗa shi kamar murfin kwalba, duk ranar da aka so a kwance. Shi dai shawararsa a yi na gam, a bar na murɗi a bakin famfo kawai, don layin zai bi jikin bango cikin rana kuma ruwan Alhaji da ƙarfi yake zuwa. Na ce to, a yi hakan. Sai Baba ya yi gyaran murya.

"Malam, mai murɗin za ka sa. Duka."

Wai idan za su koma zai kwance kayansa ya tafi da su, yana da rijiya a gida, zai ja ruwa zuwa kwamin shayar da dabbobi. Waɗanne dabbobi? Tambayar ta zo mini har baki na haɗiye ta, don ba a yi wa uba musu gaban baƙo. Mai famfo ya dube ni, na kau da kai, ya yi yadda aka ce.

Ba a jima ba ɗiga ta fara. Gwiwar bututun da ke bayan ɗakin Inna ce ta fara yoyo, sai ta kusa da ita. Baba ya aro sifana wurin wani mai gyaran babur, kullum da hantsi yana durƙushe yana ƙara ɗaurewa. Roba kuwa ba ƙarfe ba ce, in ka matsa mata sai ta tsage. Ya tsaga ɗaya, na sayo wata, ya tsaga ta ita ma. Daga nan ya koma yanko tsohon tub na taya yana naɗewa, har layin ya zama duk ƙulli-ƙulli baƙi. Danshi ya hau bangon Inna ya yi kore, katifarta ta ɗauki wari, sauro ya samu wurin zama. Ta fara tari wanda ba ya jin magani.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Duk lokacin da na ɗauko zancen gam sai ya yi kunnen uwar shegu, ko ya shiga tambayata lafiyar yara. Ba famfon kaɗai ba. Ya hana a yi wa ɗakin siminti, ya hana in dasa ko darbejiya ɗaya a tsakar gidan, wai wa zai zauna ya sha inuwarta. Wallahi raina ya yi ta ɓaci. Ni ina ganin tsohuwa tana tari har tana riƙe ƙirji, shi yana lallaɓa bututu kamar maraƙi.

Wata rana haƙurina ya ƙare, na ce wa Inna gobe idan ya tafi masallaci zan kawo mai famfo a yanke komai a sa gam, in ya dawo ya yi faɗan da zai yi. Tana tankaɗe ne, ba ta ko ɗago ba.

"Ka bar shi. Ranar da ya daina ɗaure bututun nan ban san abin da zai tashe shi da safe ba."

Na bar shi, amma ba da son raina ba.

Sai labari ya zo cewa daji ya ɗan lafa, wasu ma sun fara leƙa garuruwansu. Baba da wasu dattawan ƙauyenmu suka haɗa mota. Na yi magiya, na turo masa limamin unguwa, ina! Ya sa babbar rigarsa ya tafi. Kafin magariba suka dawo. Ya amsa sannu da zuwa, ya sha ruwa, ya shige ɗaki. Wani daga cikin abokan tafiyar ne ya gaya mini a waje. An kwashe kwanon rufi da ƙyamare, an ƙone rumbuna, rijiyarmu ta rufta. Gonar Baba sabara ta cinye ta, sai da ya yi ta dube-dube kafin ya gane iyakarta. Ba su ma gama zagayawa ba suka hango babura a bakin daji, direba ya ce kowa ya shiga mota.

Washegari Baba ya aiko a kira ni, ya ce in zo da mai famfo. Mutumin ya warware ƙulle-ƙullen roba, ya kwance na murɗin, ya yanka bututu, ya goge bakinsa. Da ya buɗe gwangwanin gam warinsa ya cika gidan. Ya tsaya da buroshi a hannu.

"Baba, in na shafa shi ke nan fa. Ba ya fita."

"Na ji tun wancan karon. Shafa."

Abin da na daɗe ina nema ke nan, amma da na ga bututun ya shige sai ban ji daɗi ba ko kaɗan. Aka kunna ruwa, ko ɗigo babu. Baba ya ba ni sifanar ya ce a mayar wa mai ita.

Bayan la'asar ya sa takalmi ya ce in ɗauke shi a babur. Na tambaye shi ina za mu.

"Makabartar unguwar nan. In ga inda take."

Na kai shi. Ya yi wa mamata sallama da addu'a, sannan ya taka zuwa gefen da ba a fara haƙa ba. Ya durƙusa da ƙyar, ya damƙi ƙasa, ya murza ta a tafin hannu yadda yake yi idan zai ari gona.

"Jigawa ce," in ji shi. "Ba laifi."