Ranar da Inna Rabi Ta Rubuta Suna

"Wa ya yi miki wannan shukun?"

"Wata yarinya a kasuwa. Kwana uku, har ya fara tashi."

"Ke da ba kya wuce Inna Rabi?"

"Rufa mini asiri. In je kitso, gobe a aiko mini da babur ɗin asibiti?"

Suka yi dariya ƙasa-ƙasa, suka wuce da bokitansu. Inna Rabi tana jin su ta bayan langalangar rumfarta. Tabarma a shimfiɗe, tsinken tsaga da man kitso a gefe, hantsi ya ɗaga ba wadda ta leƙo.

Shekara ashirin da shida tana kitso a Kwamba, tun da mota ta kashe mijinta a hanyar Diko ta bar ta da yara uku. Kakarta ce ta koya mata tsaga. Sauran kuwa ita ta gano da kanta: in mace ta ba ki baya, ta sa kai tsakanin gwiwoyinki, ba ta ganin idonki, sai bakinta ya buɗe. Bahaushiya, Bagwariya, Bayarabiya mai haya, duk haka suke. Rabi ba ta wa'azi. "Uhm," take cewa, ta ja tsaga. In ta ji maganar ta yi nauyi, tana da dabara guda. Sai ta ce hannunta ya gaji, ta bar rabin kai a tsefe. Dole mace ta ɗaura kallabi ta dawo gobe, jibi ma a samo wani dalilin.

Bara wata ƙungiya ta tara masu kitso da wanzamai da ungozomomi, kwana biyar ana yi musu bita. A nan Rabi ta ji cewa ƙuncin da ke kama mai jego ciwo ne, yana da suna, yana da magani. Har hawaye ta yi, don ta tuna fuskoki. Aka ba ta koriyar riga da fom, aka ce, "In mutum ya ambaci mutuwa, kar ki riƙe ke kaɗai. Rubuta sunan ki kai wa Sista Yemi a ƙaramin asibiti."

Sai ga Sa'ida, baƙuwa daga Gusau. Mijinta Taufiq direba ne a Abuja, da asuba yake fita. Ta haihu a ɗakin haya, ba uwa ba gwaggo, ita ke dafa wa kanta ruwan wanka. Ta zo da jariri a baya, gashinta ya cukurkuɗe.

"Inna," ta ce, ana tsakiyar kai, "kin taɓa kallon ɗanki ki ji kamar na maƙwabta ne?"

"Uhm."

"Ni in na kwanta, roƙo nake kar gari ya waye da ni."

Hannun Rabi ya tsaya. Da a da ne, nan za ta ce ta gaji. Amma tsoro ya kama ta, ta tuna abin da aka ce a wurin bita. Ta gama kitson tsaf, ta shafe shi da mai. Sa'ida na fita ta ɗauko fom, ta rubuta sunan da rubutunta na yaƙi da jahilci, harafi ɗaya-ɗaya.

Sista Yemi mutuniyar kirki ce, washegari ta je. Sai dai a kan babur ta je, cikin fararen kaya, da la'asar, gida mai ɗaki goma sha ɗaya, mata cike da bakin famfo. Ta ɗaga takarda ta ce, "Ina ɗakin Sa'ida Taufiq?" Wani ɗan haya ya leƙa ya karanta abin da ke saman takardar. Kafin magariba labari ya zama ta haukace, za ta shaƙe jariri. Mata suka janye 'ya'yansu daga ƙofarta.

Taufiq ya zo rumfar ranar Lahadi. Bai ɗaga murya ba.

"Inna, kitso na ce ta zo ta yi. Me muka yi miki?"

"Ɗana, ba ta da lafiya."

"To yanzu ta warke? Ko sallama ba a amsa mana."

Cikin sati suka kwashe kaya. Daga nan masu zuwa kitso suka fara raguwa, Rabi ta ninke koriyar rigar ta tura ƙarƙashin katifa. Ba rashin ciniki ne ya hana ta sukuni ba. Kan Sa'ida da ta gama kitsewa ne. Ba ta bar wa yarinyar dalilin dawowa ba.

Sati uku tana tambayar masu Keke Napep kafin ta gano gidan a Maje, can inda sababbin gine-gine ke cin gonaki, bulo tsirara ba filasta. Ta ƙwanƙwasa. Jariri na kuka siriri a ciki.

"Sa'ida, ni ce. Ban zo da takarda ba."

Muryar Sa'ida ta fito ta bayan ƙofa.

"Inna, ki koma. Kin riga kin rubuta."

Ta ƙara ƙwanƙwasawa sau biyu, ba a buɗe ba.

Matar mai gidan, Maman Chioma, tana shanya a tsakar gida. "Mama, ke 'yar'uwanta ne? Wannan yarinya she no dey talk, ba ta magana. Kullum da rana tana zuwa wajen rijiya, babu guga, tana tsaye kawai."

Rabi ta juya. Rijiyar tana bayan ɗakunan, bakinta tsohuwar taya, ba murfi. In ta faɗa wa matar dalilin wannan tsayuwa, ta sake tona yarinyar ke nan a sabon gida. In ta yi shiru kuma, mota ɗaya ce za ta mayar da ita Kwamba ta bar Sa'ida da wannan ramin. Ta matsa, ta kama hannun matar, jiƙe da ruwan wanki.

"Maman Chioma, kar ki tambaye ni komai. Don Allah ki sa a yi wa rijiyar nan murfi yau, a sa kwaɗo, makullin ya zauna a wurinki."