Na'a-na'a da cakulan a teburin Malam Sabo

"Malam Sabo, za ka iya haɗa wannan?"

Na miƙa wa mai shayin layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi wayata. Bidiyon wani Bature ne yana haɗa na'a-na'a da cakulan a ɗan kofi. Innata ce ta gani ta yi sha'awa, ita da ta kwana uku a kwance ba ta cin komai.

Ya kalla sau biyu, ya ce, "Ai giya ya zuba. Bari mu yi namu na halal."

Ya zuba cakulan a ƙasan kofi, ya tsiyayo madarar na'a-na'a a kai ta bayan cokali don kada su gauraye.

Da na kai mata, Inna ta shanye tas, ta ce a ƙaro.

Jama'a, ku taya ni sa wa hannun nan albarka.