Firjin Hawa na Uku

Shekara goma sha tara ya yi yana kwashe wa mutane kaya in za su sauya gida. Abokan aiki suna kiransa Sannu-Sannu, don ba a sauke gado ko kujera ba tare da an ji kalmar a bakinsa ba. Ba ƙato ba ne, amma damatsansa kamar an cusa duwatsu a ciki. Yakan ce ɗaga kaya kowane mai ƙarfi zai iya, saukewa ce ke cin mutum. Ranar da suka wuni hawa bene da kaya, lafiya lau yake tashi. Ranar da suka wuni saukowa kuwa, bayan kwana biyu cinyoyinsa sai su riƙe, ko zama zai yi sai ya dafa bango.

Ƙanin matarsa ne abokin aikinsa, shi ke tuƙa motar kayan. Kullum cikin tsokana suke.

"Yaya, tsufa fa ya zo, ka bar mini wajen nauyin."

"Je ka tambayi yayarka in na tsufa."

Wata Laraba da hantsi aka kira su su sauko da firji mai ƙofa biyu daga hawa na uku. Matakalar ƙunci gare ta. Ƙanin yana ƙasa, shi yana sama, ya tallabo gefen firjin da tafin hannu. Ruwan ƙanƙara yana ɗiga daga ciki, ba wanda ya lura. Ƙanin ya taka ya zame, nauyin duka ya dawo hannun daman Sannu-Sannu. Da ya saki, a ƙirjin ƙanin matarsa firjin zai sauka, don haka ya riƙe. Yana jan hannun sama, nauyin yana miƙar da shi da ƙarfin tsiya, sai ya ji ɗas a gwiwar hannu, kamar igiya ta tsinke. Bai saki ba sai da ƙanin ya miƙe.

Washegari wurin ya yi baƙi, tsokar damtsen ta dunƙule ta haura wajen kafaɗa.

"Baban yara, wannan ba na gida ba ne, mu je asibiti," in ji matarsa.

"Targaɗe ne. Miƙo mini man zafi."

Bayan mako guda ciwon ya lafa, abin da ya yaudare shi ke nan. Ya koma aiki. Sai dai hannun ya daina jin magana. Murɗa mabuɗi ya zama aiki, in ya tallabi kwali sai ya ji yana sulluɓe masa. Sai da ya fasa madubin wata mata, wata biyu bayan abin, sannan ya yarda aka je asibiti.

Likitar ta duba hoton hannun da aka ɗauka, ta matsa hannun, ta ce, "Malam, tsoka ta fi shan wuya in tana ƙoƙarin ja, nauyi kuma yana miƙar da ita. Taka ta ja har jijiyar da ta ɗaure ta da ƙashi ta tsinke. Da ka zo a makonnin farko, da mun mayar da ita. Yanzu ta ja da baya ta ƙanƙance. Tiyatar babba ce, kuma ba zan ce maka ƙarfin zai dawo duka ba."

Ya yi godiya, ya sauke hannun rigarsa. Bai koma ba.

Mai kamfanin da yake yi wa aiki ya ba shi gadin ƙofar da motoci ke fita. Kujerar roba, ƙaramin rediyo, da ƙyauren ƙarfe da yake turawa da hagu. Da wannan ya saba. Abin da bai saba da shi ba shi ne ƙanin matarsa. Tsokana ta ƙare. In ya zo fita da mota sai ya sauke gilashi, kansa a ƙasa, ya ce, "Barka da asuba, Yaya," kamar mai gaida baƙo. Gidansu ma ya daina zuwa cin abinci.

Wata rana Sannu-Sannu ya tare motar ya ce, "Kai, ruwa ka taka, ba ni ka taka ba. Yayarka tana nemanka."

Ƙanin ya ce to, zai zo. Da shekara ta zagayo ya bar kamfanin, ya samu tuƙin doguwar tafiya. Yakan bugo wa yayarsa waya ya ce a gaida maigidan.

Bana shekarar Sannu-Sannu ta shida a bakin ƙofar. Dogon hannu yake sawa ko ana zafi, don masu shigowa su daina tambayarsa me ya sami damtsensa.