Waken da Ƙwari Suka Ƙi Ci

Edita, ina yi maka fatan alheri tare da masu karatu. A lokacin da wannan abu ya faru ni amarya ce, haifaffiyar birnin Kano, aure ya kai ni Gwarzo, ina koyarwa a wata makarantar firamare. Ban taɓa riƙe fartanya ba, ban san yadda ake adana hatsi ba, amma ina ganin takardar da na samu ta sa na fi kowa sanin komai. Shekarun nan ne da aka fara shari'a, rayuwa ta yi tsada, takin zamani ya gagari manoma da yawa.

A bakin titin da ke zuwa Kabo wani dattijo, tsohon malamin gona da ya yi ritaya, ya buɗe ɗan kanti. Ba ya sayar da komai sai abin da aka noma da takin gargajiya, ba feshi, ba maganin adanawa. Mutanen gari suna yi masa ba'a, wai ya kasa sayen taki ne shi ya sa ya mai da rashi wayewa. Ni kuwa ina da ƙaramin ciki, wata ma'aikaciyar asibiti ta shawarce ni in kula da abin da nake ci, sai na ce bari in leƙa. Kantin fes yake, ga gero, ga ridi, ga zogale busasshe, ga tumatir ƙanana masu ƙamshi. Dattijon ya gaishe ni doguwar gaisuwa, ya tambayi maigida da 'yan makaranta, ya ce kayan daga gonarsa ta Kutama suke. Na sayi wake kwano biyu, ya fara yi mini bayanin yadda zan ajiye shi, na katse shi na ce na sani.

Na jefa waken a lungun ɗaki cikin leda, na manta da shi kusan sati uku. Ranar da na tashi yin alala na buɗe, sai ga ƙwari suna yawo a ciki kamar an ɗaura musu aure. Raina ya ɓaci. Waken kasuwa da na saya tun kafin wannan yana nan sumul, ko huda ɗaya babu. Washegari na ba malaman makarantarmu labari, na je gidan suna na ƙara wa labarin gishiri, na ce tsohon nan ruɓaɓɓen kaya yake sayarwa da tsada. Ban tsaya nan ba. Na ɗauki ledar na nufi kantin, na zazzage waken a kan teburinsa, na ɗaga murya ina cewa wannan algus ne, waken kasuwa da ke gidana ko huda bai yi ba, kuma yanzu zamanin shari'a ne, sai an bi mini hakkina.

Kafin ka ce me, jama'a sun taru, har da wani ɗan hisba da ke wucewa. Dattijon bai ko ɗaure fuska ba. Ya miƙo mini kujera, ya ce mai ciki ba ta faɗa a tsaye. Sannan ya roƙe ni in koma gida in ɗebo masa wancan waken da nake yabo. Na je na kawo da saurina, ina ganin hujja ce a hannuna. Ya samo kwalabe biyu, ya zuba nasa a ɗaya, na kasuwa a ɗaya, ya tsinci ƙwarin nan ya raba musu, ya rufe da ƙyalle. Ya damƙa wa ɗan hisbar, ya ce a riƙe amana zuwa bayan la'asar.

Da muka dawo jama'ar sun fi na safe yawa. Aka buɗe. Ƙwarin da ke cikin wakensa suna ta harkarsu, waɗanda ke cikin waken kasuwa kuwa sun yi rigingine, ko motsi babu. Dattijon ya dube ni ya ce, "Malama, abin da ƙwaro ya taɓa ya mutu, shi kike dafa wa maigidanki. Nawa kuwa kin ga har baƙi suka sauka a cikinsa." Wurin ya kaure da dariya, ɗan hisbar ma sai da ya juya baya yana rufe baki. Ni dai da ƙasa za ta tsage da na shige. Ya ce ba duk waken kasuwa ne haka ba, amma wanda aka tula wa magani ba a ci sai ya daɗe ya huce. Ya sake yi mini bayanin nan da na ƙi saurara: in shanya a rana, in zuba a jarka da busasshen barkono, in toshe bakin sosai.

Da na gaya wa maigidana, dariya ya yi har da hawaye, sannan ya ce in je in ga kantin bayan kwana biyu. Na je, na tarar ba mai saye ko ɗaya. Waɗanda suka ga kwalaben 'yan kaɗan ne, waɗanda suka ji maganata a gidan suna kuwa sun kai ta har Lakwaya. A nan dariyar ta ƙare mini. Na sayi sabon wake a wurinsa, na yi alala tukunya guda, na bi gidajen matan da suka ji ni a gidan suna ɗaya bayan ɗaya ina ba su suna ci, ina faɗa da bakina cewa ni ce na yi kuskure. Wasu suka koma sayayya, wasu har yau sun fi yarda da labarina na farko. Dattijon ya yafe mini tun ranar, da na haihu ma shi ya aiko mini da ridi.

'Yan'uwana mata, musamman mu da muka yi boko, ina jan kunnenmu. Idan mai sana'a ya buɗe baki zai yi miki bayani, ki bari ya kai ƙarshe. Idan kin ga abin da ba ki gane ba, ki tambaya a hankali kafin ki kai shi gidan suna. Ni da baki ɗaya na ɓata sunan bawan Allah cikin yini guda, da ƙafa biyu kuma na yi wata ina yawo ban gama gyarawa ba.