Maganin Laulayi

Ɗan ƙanwata yana da shekara biyar lokacin da muka kai shi asibiti, amma in ka gan shi sai ka ce uku. Kai ƙarami, idanu ƙanana, leɓen sama siriri kamar an ja shi da biro. Ba ciwo ne ya kai mu ba, duka ne. Kullum sai ya dawo daga Islamiyya da shatin bulala a baya, don abin da aka biya masa da safe kafin azahar ya zube. Ka ce kada ya taɓa murhu, ya ce to, kana juya baya ya taɓa. Unguwa ta riga ta yanke hukunci cewa taurin kai ne. Uwarsa kuwa tun da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu na Dukawuya, saboda haka yaron a wuyana yake.

Ni ba mai ilimi ba ne. A aji biyu na sakandare na ajiye biro na kama gyaran babur. Amma na san yaron da ke ƙin ji, na kuma san wanda yake son ji ya kasa. Wannan sai ya zo ya riƙe ƙafata yana cewa, "Kawu, wallahi na riƙe karatun, guduwa ya yi."

Likitar mace ce, ba ta da girman kai. Ta auna tsawonsa da nauyinsa, ta zagaye kansa da tef irin na tela, ta sa 'yar rula ta auna faɗin idonsa. Sai ta tsaya tana kallon tsakanin hancinsa da leɓe, inda kowa ke da ɗan kwari. Nasa a shafe yake sumul. Ta ba shi 'yan katakai ya jera, ya fara ya watsar. Ta ce ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya faɗi yana dariya. Daga nan ta sa nas ta fita da shi, ta rage murya.

"Malama, ki yi haƙuri da tambayar da zan yi, kowa nake yi wa. Lokacin da kike da cikinsa, kin taɓa shan giya?"

Ƙanwata ta miƙe zumbur har mayafinta ya zame. "A'uzubillahi! Ni? Ko kamanninta ban sani ba. Yaya, kana ji fa!"

Ina ji. Ni ma raina ya ɓaci, har na fara laluben takalmina da ƙafa.

"Na yarda da ke," in ji likitar. "Zauna. To, magani fa? Na kwalba, irin wanda ake jiƙa saiwoyi a ciki?"

"Sai dai na laulayi. Amai ne ya hana ni sakat, Inna ta samo mini. Baƙi ne, mai zafi a maƙogwaro. In na sha sai jikina ya saki, barci ya kwashe ni. Har na kusa haihuwa ina sha."

Likitar ta yi mana bayani dalla-dalla. Wasu masu haɗa irin wannan ba a ruwa suke jiƙa saiwar ba, a barasa ne, don kada ta lalace. Abin da uwa ta sha ɗan ciki ya sha, a daidai lokacin da ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa. Lahanin ba ya warkewa. Amma in an tabbatar za ta rubuta, a san yadda za a koyar da shi, a daina dukansa.

"Ba yau zan yanke ba, akwai sauran gwaji. Ku tambayi tsohuwa ainihin abin da ke cikin kwalbar, ku dawo mini."

Mun tarar da Inna a tsakar gida tana tsinkar zogale. Ni ban iya kwana-kwana ba, na faɗi kalmar yadda take.

"Giya? Ni na ɗura wa 'yata giya? Don ka wuni wajen 'yan boko shi ne za ka dawo ka zage ni a ɗakina? Mai maganin nan, mutumin da da bisimilla yake zubawa a kwalba! Je ka Ƙofar Mazugal ka tambaya. Rabin matan layin nan sun sha, ba wadda ta mutu."

Na je. Inda mutumin yake baza kwalabensa yanzu cajin waya ake yi, ba wanda ya san inda ya nufa. Abin da na samu kawai shi ne maganar Inna ta zauna mini a ka. Har yau in yaran layinmu sun wuce ta bakin garejina, sai in ga ina kallon ƙasan hancinsu.

Da ranar komawa ta matso, ƙanwata ta same ni a soro.

"Yaya, ba zan koma ba. In aka rubuta, wani zai karanta. Gobe a gidan biki a ce ɗan mashayiya. Wa zai tsaya sauraron zancen saiwa? Gara a ce taurin kai ne."

"Bayansa fa?" na ce. "Kin ga bayansa?"

Ta ce ita ke gasa masa shi da ruwan zafi, ni zan gaya mata? Ta ja mayafi ta shige.

Ban iya jan ta da ƙarfi ba. Sai na ce bari in je wajen malamin Islamiyyarsu da kaina. Na same shi a ƙofar aji, bulalar na rataye a wuyansa, yaron na can cikin sahu yana ɗaga mini hannu. Muka gaisa. Na ce ya sassauta wa yaron nan, ba da gangan yake yi ba.

"To madalla. Na ji kun je asibiti. Me likita ta ce yana damunsa?"

Yara duk sun zuba mana ido. Cikinsu har da 'ya'yan maƙwabtanmu.

Na ce, "Ba komai, Malam."

"Ka gani ko? Ai na faɗa. Bar mini shi, zai miƙe."